Yadda Ake Duba Tsaga da Rauni a Jikin Bishiyar Gida Kafin Iskar Damina

Da wuya a shiga gida a ƙauyukan Kano ko Jigawa ba a tarar da bishiyar da rabin harkokin gidan ke gudana a ƙarƙashinta ba. Ko dai darbejiya ce a ƙofar zaure inda dattawa ke shimfiɗa tabarma bayan azahar, ko mangwaro a tsakar gida inda mata ke daka da tankaɗe, ko tsamiyar da kakan mai gidan ya tarar a wurin ya kewaye ta da katanga. Saboda tsananin sabo ba a cika tsayawa a dubi jikinta ba, sai ranar da wani yaro ya nuna tsagar da ta taso daga gindi ta nufi sama. A nan ne mutane kan rabu gida biyu, kuma kowane ɓangare yana iya yin kuskure. Wani zai firgita ya kira mai gatari a sare bishiyar da, da an ƙyale ta, za ta rufe rauninta da kanta. Wani kuma zai ce ai ganyenta shar yake, ya ci gaba da kwantar da iyalinsa a ƙarƙashin bishiyar da iska ɗaya take jira ta dare gida biyu.

Tambayoyi biyu ake yi wa bishiya mai rauni, kuma amsar ɗaya ba ta ɗauke wa mutum ɗayar. Ta farko ita ce ko za ta rayu, ta biyu kuma ko za ta iya ci gaba da tsayuwa. Dalilin raba su yana cikin halittar itace. Idan aka ɓare ɓawon ɗanyen reshe za a ga wata siririyar fata mai danshi da santsi tsakanin ɓawo da itace, ita ce ke haifar da sabon itace ta ciki da sabon ɓawo ta waje kowace shekara. Abincin da ganye ya sarrafa ta cikin ɓawo yake sauka zuwa saiwa, ruwa kuma ta farin itacen da ke dab da ɓawo yake hawa. Tsakiyar gangar, wato zuciyar itace, ba ta ɗaukar ruwa ko abinci, aikinta shi ne ta tallafi nauyi. Saboda haka bishiya tana iya zama holoƙo a ciki alhali tana ta zuba ganye da 'ya'ya, kuma wata tana iya kasancewa da itace mai ƙarfi kamar kirya amma ta bushe a tsaye don kawai an zagaye ɓawonta da sara.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne watan Maris zuwa Afrilu, kafin hadarin farkon damina ya fara tasowa da iskarsa, sa'annan a maimaita bayan kowace iska mai ƙarfi. Kayan aikin duk akwai su a gida: wuƙa mai kaifi, ƙotar fartanya, siririn ƙarfe mai tsawon kamu guda, igiya ko zare, gawayi, tocila, da wayar da ke ɗaukar hoto idan akwai. Kada a taɓa zura hannu cikin kogon bishiya, domin mazaunin maciji ne da kunama da rina, a jikin kuka kuma sau da yawa zuma ce a ciki.

Mataki na farko shi ne a ja da baya. Mutum ya tsaya nesa inda zai ga bishiyar daga gindi har ƙololuwa, ya kewaya ta ta kowace fuska, yana lura ko akwai gefen da rassansa suka bushe, ko ganyen ya ƙanƙance ya yi rawaya, ko bishiyar ta karkata fiye da yadda aka san ta. Bishiyar da ta girma a karkace tun tana ƙarama don neman rana ta riga ta gina jikinta a kan haka, kanta ma yakan miƙe ya dubi sama. Wadda ta karkata bana, gangar da rassan duk suka kwanta tare, ita ce abin tsoro. A nan sai an san ɗabi'ar kowace bishiya kafin a yanke mata hukunci, domin gawo da damina yake zubar da ganye ya tofo da rani, kuka kuma tsirara take shafe rani, duk lafiyarsu ƙalau. Daga wurin da aka tsaya a lura da abin da ke ƙarƙashi. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, iskar da ke gabansa ma daga can take bugowa, don haka ɗaki ko rumbu ko turken dabbobi da ke yamma da bishiya shi ne ya kamata a fara tunawa da shi.

Mataki na biyu a durƙusa a gindi, domin tsagar da ake gani a sama sau da yawa daga ƙasa ciwonta ya taso. Lafiyayyar bishiya takan buɗe a gindi inda manyan saiwoyi suka fara shiga ƙasa. Idan aka ga gangar ta shige ƙasa samɓal kamar turken da aka kafa, alama ce an yi ciko an binne mata wuya, kuma ɓawon da ya zauna cikin danshi ruɓewa yake yi. Sai a janye ƙasar da hannu a hankali a duba. A tambayi kai abin da aka yi a kusa cikin shekaru biyu ko uku da suka wuce, ko an haƙa masai, ko an tona harsashin gini, ko an ɗebi ƙasar yaɓe, domin mafi yawan saiwoyin da ke shan ruwa suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma suna miƙewa har su wuce iyakar inuwar bishiyar. A dubi inda ruwan wanka da na wanke-wanke yake kwanciya. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya da Bama take kuma aka fara dasa ta a Borno a 1928, ta karɓi ƙasarmu ne saboda jure fari, amma ba ta jure ruwa ya kwanta mata a gindi. Mutanen kwarin Haɗeja, irin su Auyo da Kafin Hausa da Ringim, waɗanda ruwa ya zauna musu a gidaje a ambaliyar 2022, su ne suka fi bukatar wannan dubawa, don saiwar da ta shaƙe a cikin ruwa ba nan take take nuna kanta ba, sai bayan watanni ko shekara. Idan kuwa aka ga ƙasa ta tsage ko ta ɗago a gefen da bishiyar ta juya wa baya, to saiwoyi sun fara tsinkewa, kuma ba sai an ci gaba da sauran matakai ba, a janye mutane da dabbobi daga wurin tun a ranar.

Mataki na uku shi ne duban tsagar kanta, kuma a nan ya kamata a daɗe. Abin da za a fara ganewa shi ne zurfinta, domin tsawo yana ruɗin ido. A zura siririn ƙarfen nan a wurare uku ko huɗu a tsawon tsagar. Idan ya shiga kaɗan ya ci karo da itace mai tauri, tsagar a ɓawo kawai ta tsaya. Irin wannan tana yawan faruwa ga ƙananan mangwaro da lemu idan sun sha dogon rani sa'annan ruwa ya sauka da yawa, jiki ya kumbura da sauri fiye da yadda ɓawo zai iya buɗewa. Haka kuma gwaba da turare ɓawonsu saɓewa yake yi da kansa ya bar sabo a ƙasa, tsohuwar darbejiya da tsamiya kuma jikinsu dama a tsattsage yake, duk wannan ba ciwo ba ne. Amma idan ƙarfen ya lume ya wuce tsawon yatsa, ko ya shiga cikin abu mai laushi kamar dusa, tsagar ta kai ga itacen da ke ɗauke da nauyi.

Bayan zurfi sai a dubi gefunan tsagar. Bishiya ba ta mayar da naman da ya lalace kamar yadda jikin mutum yake yi. Wani masanin itatuwa na Amurka, Alex Shigo, wanda ya shafe shekaru yana tsaga itatuwa da injin zarto don ya ga abin da ke biyo bayan rauni, ya bayyana a 1977 cewa abin da bishiya ke yi shi ne ta killace wurin da ya lalace ta ciki, sa'annan ta riƙa gina sabon itace daga gefe da gefe har ta rufe shi. Wannan sabon itace shi ne ake gani ya nannaɗo a bakin rauni kamar leɓe, mai santsi da haske fiye da tsohon ɓawo. Inda aka ga wannan leɓe ya yi kauri a gefuna biyu, raunin tsoho ne kuma bishiyar tana da ƙarfin yaƙi da shi. Inda gefunan suke da kaifi, itacen ciki fari sol kamar yanzu aka faskara, tsagar sabuwa ce kuma mai yiwuwa tana kan buɗewa.

Sai kuma fuskar da ta nufa da wurin da take. Tsagar da ta bi tsawon ganga ita kaɗai, a gefe guda, ta fi sauƙi. Idan aka kewaya aka tarar da wata a ɗaya gefen daidai da ita, to itacen ya rabe tun daga wannan gefe har wancan. Tsagar da ta gitta ganga ko babban reshe a kwance ta fi kowace muni, domin tana nufin jijiyoyin itacen sun fara karyewa. Wurin da na fi so a tsananta dubawa shi ne gwafa, inda ganga ta rabu biyu zuwa manyan rassa masu kauri ɗaya. Idan rabuwar tana da faɗi kamar bakin ƙwarya, haɗin yana da ƙarfi. Idan kuwa rassan biyu sun taso a matse kamar yatsu biyu da aka haɗa, to ɓawo ne ya maƙale a tsakaninsu, ba su haɗu da juna ta itace ba, kuma kowace shekara suna ƙara kauri suna ture juna. Ruwan sama yana taruwa a wurin ya ruɓar da shi. Tsagar da ta fara daga irin wannan gwafa ta gangaro ƙasa, ko da tsawonta bai wuce taki ɗaya ba, ni a wurina ta fi doguwar tsagar ɓawo mai kamu uku haɗari. A ranar da ake iska a tsaya daga nesa a kalle ta, idan tana buɗewa tana rufewa, magana ta ƙare.

Mataki na huɗu a nemi musabbabi, kuma gefen da raunin yake yakan ba da labari. Ɓawon da ya bushe ya ɗaye a gefen yamma ko kudu na ƙaramar bishiya, ko na babbar da aka yi wa sara mai yawa aka tone gangarta ga rana, ƙunar rana ce, abin da ba shi da mamaki a ƙasar da zafin Afrilu kan haura digiri 40. Rauni mai faɗi a ƙasa da ya tsuke a sama, da baƙin gawayi a jikinsa, wuta ce, ko ta ƙona shara, ko ta murhu, ko ta jin ɗumin hunturu da aka saba hurawa a gindi. Wanda yake daidai tsayin bakin akuya ko jaki, da sawun haƙora, gaigaya ce. Wanda ya zagaye ganga kamar zobe, ɓawo ya kumbura a samansa, igiyar ɗaure dabba ce ko wayar shanya da aka manta har jiki ya haɗiye ta. Doguwar ɓaraka da ta taso daga ƙololuwa ta gangaro har ƙasa, wani lokaci tana murɗawa, ɓawo ya tarwatse a tsakar gida, tsawa ce ta faɗa, ruwan da ke cikin itacen ya tafasa nan take ya fasa ɓawon. Bishiyar da tsawa ta taɓa sai a ba ta damina guda kafin a san matsayinta, wata ta farfaɗo, wata kuma ta bushe bayan watanni. Akwai kuma sassaƙe, wanda maɗaci ya fi kowa shan wahalarsa. Ba na ganin laifin mai neman magani, amma mai bishiya yana da hakkin ya ce a ɗebi siririn yanki a tsaye, a gefe guda, a bar wurin ya rufe kafin a sake taɓawa.

Duk irin waɗannan raunuka na ɓawo da igiya ake auna su. A zagaya ganga da igiya daidai wurin raunin, a yanke, a ninka ta gida huɗu. Idan faɗin ɓawon da ya mutu bai kai kashi ɗaya cikin huɗun nan ba, yawanci bishiya takan rufe shi. Idan ya kai rabi, rayuwarta tana cikin shakka, kuma rassan da ke saman wannan gefe za su iya bushewa. Idan ya zagaye gaba ɗaya, saiwa ta daina samun abinci, ko da ganye ya ci gaba da zama kore na wani lokaci. Don a san iyakar ɓawon da ya mutu, a ɗan kankare da bakin wuƙa a gefen raunin: mai rai yana da danshi da launin kore ko fari a ƙasa, matacce kuwa busasshe ne mai launin ƙasa.

Mataki na biyar a dubi abin da ke fitowa daga raunin da abin da ke shiga. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma haka lamarin gara yake a mafi yawan manyan itatuwa. An fi ɗora mata laifi saboda ita ake gani, alhali sau da yawa matacce ko raunanan itace ta tarar ta shiga. A kankare yaɓen da ta yi a jikin ganga a duba: idan ɓawon ƙasa lafiya yake, busasshen saman kawai take ci, idan kuwa hanyarta ta shige cikin tsaga, ciki ya riga ya mutu. Ƙananan huji masu zubo da garin itace a gindi aikin tsutsar ƙwaro ce da ke haƙa a ciki, ana iya bin hujin da siririyar waya a kashe ta. Ƙaro mai launin zuma da ke tsatsowa a gindin lemu, ɓawo ya yi baƙi ya tsage, cutar ruɓewar gindi ce da ruwan da ke kwanciya a jikin ganga yake jawowa, musamman idan an binne wurin aure, wato inda aka haɗa reshen irin da ake so da gindi, cikin ƙasa. Mangwaro ma yakan zubar da ƙaro rassansa su riƙa bushewa daga sama idan fumfuna ta shiga ta wurin sara. Alamar da ba a wasa da ita ita ce naman kaza mai tauri da ke fitowa a gindi ko a jikin ganga kamar rabin faifai. Wanda ake gani a waje 'ya'ya ne kawai, uwar tana ciki ta daɗe tana cin itace, kuma ɓalle shi ba ya rage komai.

Mataki na shida a ƙwanƙwasa. A ɗauki ƙotar fartanya a riƙa buga ganga daga gindi zuwa iyakar inda hannu ya kai, ana kewayawa. Itace mai lafiya yana amsawa da sauti mai nauyi, holoƙo kuwa kamar gangar kiɗa yake amsawa. Kogo shi kaɗai ba hukuncin kisa ba ne, domin ƙarfin ganga a bangonta na waje ya fi yawa. Abin da ake so a sani shi ne kaurin lafiyayyen bangon da ya rage, kuma ma'aunin da masu binciken itatuwa suka saba aiki da shi shi ne kada ya gaza kashi ɗaya cikin uku na nisan da ke tsakanin ɓawo da tsakiyar ganga. Lissafin ba shi da wuya. Igiyar da ta zagaye ganga idan aka raba ta shida ta ba da kusan wannan nisa, sai a sake raba shi uku. Bishiyar da zagayenta ya kai santimita 180, nisan ɓawo zuwa tsakiya kusan 30 ne, don haka ana son bangon ya kai santimita 10 ko fiye, a kowane gefe. Idan bakin kogon a buɗe yake da faɗi, ko akwai tsaga a bangon, sai a ƙara tsanantawa fiye da haka. Kuka ba ta shiga wannan lissafi, domin tana rayuwa shekaru aru-aru da kogo, kuma tana mayar da ɓawonta bayan an ɗaye shi don igiya. Dabino da giginya da goruba su kuma ba su da fatar nan mai haifar da sabon itace, saboda haka duk ramin da aka sara a jikinsu don hawa yana nan har abada.

Idan bayan duk wannan ba a ga alamar gaggawa ba amma zuciya ba ta kwanta ba, a sa wa tsagar ido da hujja. A ja layi da gawayi ko fenti a ƙarshenta na sama da na ƙasa, a auna faɗinta da tsinken ashana a wuri ɗaya da aka yi wa alama, a ɗauki hoto, a sake dubawa duk bayan mako biyu da kuma bayan kowace iska. Tsagar da ta wuce layinta tana raye.

Game da magani, abin da za a bari ya fi abin da za a yi yawa. Kada a cika kogo da siminti, domin bishiya tana lanƙwasa a iska siminti kuwa ba ya yi, sai ya riƙa gurzar ta ta ciki yana tsare danshi. Kada a shafa baƙin mai ko kwalta, suna kashe fatar da za ta rufe raunin. Kada a cinna wuta a kogo don korar maciji ko ɓera. Kada a ɗaure gwafar da ta tsage da sarƙa ko waya a zagaye, shaƙe ta za a yi. Abin da ya dace ga raunin ɓawo shi ne a gasa bakin wuƙa a wuta, a yanke ɓawon da ya ɗaye yana lilo har iyakar mai rai ba tare da an faɗaɗa raunin ba, a bar shi ya sha iska. Ga lemu mai zubar da ƙaro, a kankare wurin da ya ruɓe, a shafa maganin fumfuna mai sinadarin jan ƙarfe da ake samu wurin masu sayar da maganin gona, a janye ƙasa daga gindi, a ɗaga 'yar kunya a zagaye yadda ruwan ban-ruwa ba zai taɓa ganga ba. Ƙananan itatuwa a shafa musu farar ƙasa a ganga saboda rana, a kewaye su da ƙaya saboda awaki, a kafa wa dabbobi turkensu daban.

Inda matsalar ta tsayuwa ce, rage nauyi shi ne mafita ta farko. Babban reshe ba a sare shi da sara ɗaya, domin idan ya faɗi zai ɗaye ɓawon ganga ya buɗe sabon rauni. A fara yanka ta ƙasansa kamar taki biyu daga ganga, a koma ta sama gaba kaɗan har ya faɗi, sa'annan a cire guntun da ya rage dab da kumburin da ke gindin reshe kamar wuyan riga, ba tare da an taɓa kumburin ba, don daga nan rufewa take farawa. Bishiyar da ta tsage ba a hawanta don a yi wannan aiki sai wanda ya san sana'ar. Idan rassa sun kusanci wayar lantarki, ma'aikatan kamfanin wutar lantarki na KEDCO ake kira su kashe wuta tukuna. Idan ana shakka game da cuta, malamin gona na hukumar bunƙasa noma ta Kano, KNARDA, ko ta Jigawa, JARDA, ko malamin daji na ƙaramar hukuma, zai iya zuwa ya gani da idonsa. Bishiyar da ke kan iyaka kuma a sanar da maƙwabci, in da hali a gaban mai unguwa, kafin a ɗora mata gatari.

Idan ta kai ga sarewa, dalilin sarewar shi ne zai nuna abin da za a yi da kututturen. Wadda naman kaza ya ci gindinta, a tone kututturen da manyan saiwoyinsa a fitar, kuma kada a dasa sabuwa a ramin, a matsa gefe. Darbejiyar da aka sare don gwafarta ta tsage alhali saiwarta lafiya, a bar kututturen, zai tofo da 'ya'ya masu yawa da damina. Bayan shekara guda a zaɓi guda ɗaya mafi miƙewa da ya fito kusa da ƙasa a cire sauran, kuma duk lokacin da kansa ya nemi rabuwa biyu a matse, a datse ɗaya tun yana kaurin yatsa.